Michael Ansara: Balaraben da Hollywood ta mayar Ba'indiye

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Message, wanda ake kira Ar-Risala, zai tuna da shugaban Ƙuraishawan nan mai kaifin ido da murya mai kauri. Anthony Quinn da ya fito a matsayin Sayyidina Hamza kowa ya riƙe sunansa. Wanda ya fito a matsayin Abu Sufyan kuwa, kaɗan ne za su iya faɗin nasa. Sunansa Michael Ansara, kuma shi Balarabe ne na haihuwa, abin da Quinn, ɗan asalin Meziko, ba zai yi iƙirari ba.

An haife shi ranar 15 ga Afrilu, 1922 a wani ƙauye a Siriya, lokacin da ƙasar ke hannun Faransa. Yana ɗan shekara biyu iyayensa suka yi hijira zuwa Amurka, suka zauna a garin Lowell na jihar Massachusetts, daga baya suka koma Kalifoniya. Likita ya so ya zama. Kunya ce ta yi masa yawa, shi ya sa ya shiga ajin wasan kwaikwayo a Pasadena Playhouse don ya saba da tsayawa gaban mutane, daga nan kuma maganar likitanci ta bi ruwa.

A Hollywood ta wancan zamani, mai irin fuskarsa ba ya zama jarumin da ke auren yarinya a ƙarshen fim. Fatarsa ta ɗan yi duhu, ga dogon hanci, ga tsayi, don haka duk inda ake neman baƙo, ko bos, ko sarkin wata ƙabila, sai a kira shi. A 1953 ya fito a matsayin Yahuza, wanda Kiristoci ke cewa ya ci amanar Annabi Isa, a fim ɗin The Robe. A 1956 ya fito cikin masu gadin bayin Fir'auna a The Ten Commandments. A 1965 ya zama yariman Larabawa mai makirci a Harum Scarum na mawaƙi Elvis Presley, irin fim ɗin da Balarabe ba ya wuce rawani da takobi da mugunta.

Abin da ya fito da shi sosai shi ne shirin talabijin na kaboyi, Broken Arrow, daga 1956 zuwa 1958. Ya fito a matsayin Cochise, sarkin ƙabilar Apache, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka da ake kira Indiyawa. An ɗora masa gashin kanti, an ɗaura masa ƙyalle a goshi, shi ke nan ɗan Siriya ya zama Ba'indiye, alhali ga 'yan ƙabilar nan da ransu ba a neme su ba. Shi kansa bai gamsu ba, ya taɓa kokawa cewa aikin Cochise bai wuce ya tsaya ƙiƙam yana nuna kwarjini ba. Duk da haka a 1959 aka sake ba shi wani Apachen a Law of the Plainsman, wannan karon jami'in tsaro da ya yi karatu a Harvard. A 1958 ya auri 'yar fim Barbara Eden, suka rabu a 1974.

Sai da ya haura shekara hamsin kafin ya sami babban matsayi na Balarabe mai daraja, kuma ɗan ƙasarsu ne ya ba shi: Mustafa Akkad, haifaffen Halab, wanda ya shirya The Message. An ɗauki The Message a Maroko da Libiya, siga biyu, ta Turanci da ta Larabci, kowace da 'yan wasanta, fim ɗin ya fito a 1976. Aikin Ansara a ciki ba ƙarami ba ne. Tunda ba a nuna Manzon Allah (SAW), ba a kuma jin muryarsa, dole ɗan wasa ya fuskanci kyamara ya yi magana shi kaɗai. A dubi inda Abu Sufyan ya je Madina neman a sabunta sulhun Hudaibiyya: mutumin da ya saba a miƙe masa a Makka, ga shi yana bin mutane babu mai tanka masa, girman kan nan yana zubewa a fuskarsa kaɗan-kaɗan har zuwa ranar da ya karɓi Musulunci. Da ya buga shi a matsayin bos kawai, da wannan sauyin bai shiga ran mai kallo ba.

Amurkawa kuma da wata fuskar suka san shi. A 1968 ya fito a Star Trek a matsayin Kang, kwamandan wasu halittun sararin samaniya, ya sake komawa matsayin a 1994 da 1996, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Daga 1992 muryarsa ma ta zama masa sana'a: shi ne Mr. Freeze a katun ɗin Batman, masanin kimiyyar da rashin matarsa ya ƙeƙasar masa da zuciya, yana magana a sanyaye ba hawa ba sauka.

Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 2013 a gidansa da ke Calabasas, yana da shekara 91, bayan fama da ciwon mantuwa.