Wutar da ke Kwance a Cikin Gwangwani

 Yau zancen gwangwanin lemo za mu yi, da ruwa, da wata iska mai kama wuta da ake kira haidirojin.

Bari mu fara da labarin wani mai wankin kasko. A shekarar 1967, a ɗakin binciken kamfanin IBM a Amurka, akwai wani matashin masani mai suna Jerry Woodall. Shi ba ruwansa da neman makamashi, sinadaran haɗa kayan lantarki yake aiki a kansu. Ran nan ya ɗauko ɗan kaskon da ya narka alminiyam a ciki tare da wani ƙarfe mai suna galiyam, ya tsiyaya ruwa zai ɗauraye. Sai fuu! Abu ya tashi da ƙarfi. Ruwa ne fa, masu sauraro, ruwa kawai. Da wani ne, da ya yi tsaki ya sake wankinsa. Shi kuwa sai ya koma ofishinsa ya zauna da alƙalami, cikin 'yan sa'o'i ya warware abin da ya faru: alminiyam ne ya fizge iskar oksijin daga jikin ruwan, ya saki haidirojin.

To, a nan wani zai ce, Malam, tukunyar alminiyam, ƙarfen da iyayenmu ke kira goran ruwa, ai kullum cikin ruwa take, me ya hana ta yin haka? Tambaya ce mai kyau. Alminiyam ƙarfe ne mai ƙishin oksijin, da ya sha iska nan take wata fata ke rufe shi. Siririya ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, amma ruwa ba ya ratsa ta. Fatar nan ce ke tsare tukunyarki, Hajiya.

Shi kuma galiyam, wannan ƙarfe na ba ni mamaki. A Faransa aka gano shi a 1875. Yana narkewa tun zafi bai cika digiri 30 ba. In ka ɗora shi a tafin hannu, ɗumin jikinka kaɗai zai mai da shi ruwa. Da bazara a Sakkwato ko Damagaram, ko a inuwa ba zai daskare ba. Idan ya taɓa alminiyam, sai ya riƙa kutsawa cikinsa yana hana fatar nan kamawa. Da fata ta kau, ruwa ya samu hanya. Kuma galiyam ɗin ba ya ƙarewa a cikin aikin, ana iya tattara shi a sake amfani da shi.

Ga lissafin a gurguje. Kilo 1 na alminiyam kan ba da kimanin giram 111 na haidirojin, wato iskar da ta haura lita 1,200, ga zafi mai yawa, ga wani farin gari da ke kwantawa a ƙasa. Iskar kuwa, ko a ƙona ta a inji, ko a shigar da ita na'urar da ke haɗa ta da oksijin ta ba da lantarki, abin da ke fita a ƙarshe ruwa ne. Amfanin a nan yake: ɗaukar haidirojin a tanki wahala ne da hatsari, ɗaukar ƙwayoyin alminiyam kuwa sai ka ce ɗaukar tsakuwa.

Sai bayan shekara 40, a 2007, Woodall, yana farfesa a Jami'ar Purdue, ya fito da batun duniya ta ji. A 2024 kuma masu bincike a jami'ar MIT suka gwada da ruwan teku da alminiyam irin na gwangwanaye, wanda aka shafa wa galiyam da indiyam. Gishirin teku ya taimaka wajen dawo da fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarafan nan masu tsada, sai dai aikin ya yi nawa. Suka zuba garin kofi, ya yi sauri. Da suka bi diddigi suka sa sinadarin imidazol, abin da ke cin sa'a 2 ya koma minti 5. Jiragen ruwa suke hange, tunda ruwan yana nan kewaye da su.

Amma kada a ce an samu wuta a ɓagas. Wutar da ke fita daga alminiyam, a masana'anta aka zuba masa ita, domin tace kilo 1 daga ma'adinin boksait na cin lantarkin da ya kai kilowat-awa 13 zuwa 15. Gwangwani rumbu ne, ba gona ba. Shi ya sa masana ke karkata ga tsohon alminiyam. Ko a nan ma da sauran magana, don gwangwanin da 'yan jari bola suka tsinta, maƙera na narka shi su zuba tukwane. Galiyam kuma kusan duka daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma a 2023 ta sa takunkumi a kan fitar da shi.

Lokaci ya cim mana, amma ga jan kunne. Sodar da mata ke yin sabulu da ita ma tana cinye fatar nan ta saki haidirojin. Don Allah kada a jiƙa soda a tukunyar alminiyam, kada yara su gwada a kwalba, tana fashewa, tana ƙona jiki da ido.

Nan za mu dasa aya.