Ɗinkin Hula da Bazara

Yara, kun san yadda bazara take a ƙasashenmu na bakin hamada. Daga watan Maris zuwa Mayu rana takan yi ƙuna ƙwarai. A Sakkwato da Damagaram da Agadas ma'aunin zafi yakan wuce 40 da tsakar rana, har ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Manomi yakan yi sharar gona da sassafe, kafin hantsi ya dawo gida. To, me mutum zai yi da sauran yinin? Waɗansu barci suke yi. Waɗansu kuwa sai su shimfiɗa tabarma a zaure ko a gindin bishiya, su ɗauko allura da zare.

Ɗinkin hula ya dace da wannan lokaci, domin ba ya bukatar ƙarfi, sai haƙuri da ido. Maza suna yi, mata ma suna yi a cikin gida. Kayan aikin ba su da yawa: farin ƙyalle, da allura, da almakashi, da zare mai launi iri iri. Akan yanka ƙyallen gida biyu. Ɗaya dogo ne, shi ne zai kewaye kai. Ɗayan kuwa zagayayye ne, shi ne saman hular. Sa'an nan a kai wa mai zane ya fitar da fasalin adon da alƙalami. Aikin mai ɗinki shi ne ya bi zanen nan, ya cike shi da zare, ɗinki ɗaya kusa da ɗaya, har farin ƙyallen ya ɓace. Hula mai kyau takan ci makonni. In an gama sai a haɗa guda biyun, a kai wa mai wankin hula ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora ta a kan katako mai siffar kai don ta tsaya sosai.

Amma zafi yana da tasa ɓarnar. Babban abokin gāban mai ɗinki shi ne gumi. In tafin hannu ya jiƙe, zare yakan yi dauɗa, farin ƙyalle ya yi jirwaye, wani jirwayen kuwa ko an wanke ba ya fita duka. Mai saye ya gani sai ya rage kuɗi, aikin wata guda ya tashi a banza. Gumi kuma yana da gishiri, gishiri kuwa yana sa allura ta yi tsatsa, ta ƙi shiga ƙyalle. Saboda haka gwanaye sukan ajiye ruwa da tsumma kusa, su riƙa wanke hannu suna gogewa. Kada kuma a bar zare mai launi a rana, don rana tana cin launi.

Ku kula da idanunku. Ku zauna a inuwa inda haske yake, kamar bakin ƙofar zaure, ba cikin ɗaki mai duhu ba. In magariba ta gabato ku naɗe aikin. Allura kuwa a soke ta jikin ƙyalle, kada a yar da ita a kan tabarma inda ƙanenku yake rarrafe.

Wanda ya gwanance da hula yakan koma ga babbar riga. Birnin Zariya ya yi suna wajen wannan aiki. Adon riga yana da sunaye, kamar aska biyu da aska takwas, watau dogayen zane masu tsini kamar askar wanzami. Akwai wani zare mai daraja da ake kira tsamiya. Waɗansu tsutsotsi ne suke saƙa gidansu a jikin itatuwa irin su tsamiya, sai a ɗebo gidan, a dafa da ruwan toka, a kaɗa shi ya zama zare.

Yanzu akwai keken da yake yin ado cikin ƙanƙanen lokaci. A ganina dai bai kamo hannu ba, masu saye ma sun sani, shi ya sa ɗinkin hannu ya fi tsada. In kuna so ku gwada, ku fara da guntun ƙyalle da zare launi ɗaya, ku zana layi miƙaƙƙe, ku bi shi har ɗinkin ya daidaita.