Birged ta Ɗaya ta Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu

Birged, a tsarin sojan Ingila, runduna ce da ke haɗa bataliya uku a ƙarƙashin birgediya guda, kowace bataliya kuwa tana da ɗaruruwan sojojin ƙasa, wato masu yaƙi a ƙafa da bindiga. A kan wannan tsari aka kafa Birged ta Ɗaya ta Afirka ta Yamma a 1940, daga bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na sojojin Nijeriya, waɗanda hafsoshinsu Turawa ne, amma Hausa ce harshen barikinsu.

A shekarar aka kai ta Kenya ta jirgin ruwa don tunkarar Italiya, wadda ke riƙe da Somaliya da Habasha, aka kuma sauya mata suna zuwa Birged ta 23. Da Janar Alan Cunningham ya ƙaddamar da farmaki, birged ɗin ce ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairun 1941, inda aka tarar da man fetur mai yawa da Italiyawa suka gudu suka bari. Wannan ganima ita ce ta ba dakarun damar ratsa hamadar Ogaden cikin motoci, tafiyar kusan kilomita 1,200 a kwana 17, har suka isa Jijiga ranar 17 ga Maris, suka keta mashigin dutsen Marda, birnin Harar kuma ya miƙa wuya kafin watan ya ƙare.

Yaƙin Bama ya zo da wani salo dabam. Bayan birged ɗin ta koma gida ta karɓi tsohon sunanta, an sanya ta cikin babbar runduna ta 82, aka kai ta Indiya a 1944, daga can ta shiga yankin Arakan don fafatawa da Japan. A nan mota ba ta da amfani, domin kurmi da tsaunuka da koramu sun hana hanya, don haka jiragen sama ke jefo abinci da harsasai, 'yan dako kuma, waɗanda su ma sojoji ne da akasari ba a ba su bindiga ba, su ɗauka a ka. Da irin wannan tafiya runduna ta 82 ta haɗu da ta 81 suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945, sojojin kuwa ba su ga gida ba sai 1946.