Yadda Lantarki Ke Gano Danshin Ƙwayar Hatsi Guda Ɗaya

Manomi kan ciji ƙwayar masara ya ji ko ta bushe. Haƙori na taimakawa, amma ba ya ba da lamba, kuma lambar ce ke raba buhun da zai kai baɗi da wanda zai yi fumfuna. Masarar ajiya ana son danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. In ya haura sosai, fumfuna na samun wurin zama, har da irin mai haifar da gubar aflatoxin.

Yawancin na'urorin awon danshi cikin kofi guda suke aunawa su ba da matsakaici. A nan gizo ke saƙar. Idan aka gauraya jiƙaƙƙiyar masara da busasshiya, lambar za ta fito lafiya lau, alhali jiƙaƙƙun ƙwayoyin na nan suna jiran ɓata sauran. Shi ya sa ake auna ƙwaya ɗaya-ɗaya.

Tsohuwar hanya ita ce duba yadda ƙwaya ke hana lantarki wucewa. Tun 1908 Lyman Briggs na ma'aikatar gona ta Amurka ya nuna cewa danshi kaɗan in ya ƙaru a alkama, turjiyarta ga lantarki na faɗuwa ninki-ninki. Na'urorin yau, irin na kamfanin Kett na Japan, suna murƙushe kowace ƙwaya tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, su auna wutar da ta ratsa, su wuce ta gaba. Ƙwayar dai ta tafi ke nan, kuma zafin hatsin na canza sakamako sai an gyara lissafi.

Ɗaya hanyar ba ta fasa komai, kuma dangin fasahar da ke sa allon wayarka rikicewa ne in ruwa ya taɓa shi. Ruwa na riƙe cajin lantarki kusan sau 80 fiye da iska, busasshen hatsi kuwa bai wuce sau biyar ba. Sai a sa ƙwayar tsakanin farantan ƙarfe biyu, a tura siginar rediyo, a ga yadda ta sauya. Wahalar ita ce babbar ƙwaya busasshiya na iya kama da ƙarama jiƙaƙƙiya. Stuart Nelson da abokan aikinsa a jihar Jojiya ta Amurka sun rage wannan ruɗani ta hanyar aunawa da mitar sigina biyu daban, suka gwada a kan masara da gyaɗa.