Idan Rufi Ya Yi Yoyo Bayan Gyara: Hukuncin Saɓani Tsakanin Mai Gida da Magini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa musulmi masu saurarenmu, azumin waɗannan shekaru yana zuwa ne cikin rani, lokacin da magidanta ke shirin gyaran rufin ɗakunansu kafin hadari ya fara haɗuwa. Kowa a cikinmu ya san abin da kan biyo baya. A yi gyara, a biya kuɗi, ruwan farko ya sauka cikin dare, sai iyali su tashi suna tara kwanoni da bokiti a tsakar ɗaki. Gari na wayewa mai gida ya nufi wurin magini yana huci, shi kuwa magini ya ce aikinsa ya ƙare tun ranar da ya sauko daga tsani. Maƙwabta da yawa da ke sahu ɗaya a masallaci sun daina gaisawa a kan irin wannan magana. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana yadda malamanmu na mazhabar Malikiyya suka warware ta.

Abin da za mu fara riƙewa shi ne, yoyo shi kaɗai bai isa hujja a kan kowa ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai an bincika dalili kafin a ɗora laifi. Binciken kuwa yana farawa ne daga abin da aka ƙulla tun farko.

Ɗaukar magini ko kafinta aiki shi ne abin da littattafan fiƙihu ke kira ijara, wato sayen amfanin aikin mutum da lada sananne. A wurinmu yana zuwa ta fuska biyu. Akwai ƙwadago, inda ake biyan mutum ladan yini, mai gida ne ke sayen kaya, shi ne kuma ke faɗin yadda za a yi. Akwai jinga, inda ake cewa gyara mini wannan rufi a kan kaza, a bar wa mai sana'a dabarar aikin. Wanda aka ɗauka ƙwadago ya cancanci ladansa idan ya yi yininsa da gaskiya. Wanda ya karɓi jinga kuwa ya ɗauki alkawarin kammala aiki yadda masu sana'ar suka san kammalalle, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika abin da suka ƙulla.

Ibn Abi Zaidil Ƙairawani ya ambata a cikin Risala cewa masu sana'a suna lamuntar kayan mutane da suka tafi da su inda mai kaya ba ya gani, kamar tela da marini. Magini kuwa a gidan mai gida yake aiki, saboda haka ba a ɗora masa ramuwa sai in an tabbatar ya yi sakaci, ko ya ƙetare abin da aka umarce shi, ko ya ruɗi mutane da da'awar gwanintar da ba shi da ita.

Wane ne zai tabbatar da haka? Masana sana'ar. Ba a yanke hukuncin rufi daga ƙasa, gani ya kori ji. Sai a nemi magina biyu amintattu waɗanda ba su da rabo a cikin rigimar, ko a je ga sarkin magina a garuruwan da ke da wannan sarauta, su hau su duba a gaban ɓangarorin biyu. In rufin kwano ne, za su duba ko an ɗora kowane kwano a kan ɗan'uwansa da isasshen saɓi, ko an kafa ƙusa a kan tudun kwano inda ruwa ba ya kwanciya ko kuwa a cikin kwarin da ruwa ke bi, ko rufin yana da gangara, ko an ɗaure katako da jikin gini yadda iska ba za ta ɗaga shi ba. In soro ne na ƙasa, za su duba ko an karkata saman zuwa indararo, ko an lafta ƙasar da ta fi ƙarfin azara, ko gara ta riga ta cinye azarar tun kafin a taɓa ta.

Abin da suka gano shi ke nuna mai ɗaukar nauyi. Idan aibin daga hannun mai aiki yake, kamar ƙusa a cikin kwari ko rufi marar gangara, nauyin yana kansa. Idan ya karɓi kuɗin kwano mai kauri ya sayo marar kauri ya riƙe ragowar, wannan ha'inci ne, kuma laifinsa ya fi na sakaci. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, ya kuma nisanta mai algus daga kansa. Saman rufi wuri ne da mai gida ba ya gani, shi ya sa amanarsa take da nauyi.

Amma idan mai gida ne ya sayo kayan araha, magini ya gaya masa ba za su riƙe ba, ya ce a yi haka nan, to ya tuna araha ba ta ado, kuma ba shi da hakkin neman ramuwa. Haka nan in ya bar indararo ya toshe da shara, ko ya hana a canza azarar da aka nuna masa ta ruɓe. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. Mun ga yadda a farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19. Iskar da ta kwashe rufin unguwa guda ba a tuhumar magini ɗaya da ita.

In laifin mai aiki ya tabbata, matakin farko shi ne a ba shi dama ya koma ya gyara ba tare da ƙarin lada ba, a yanka masa kwanaki sanannu. In ya ƙi, ko ya gwada ya kasa, sai masana su ƙiyasta abin da gyaran zai ci a cire daga ladansa. Misali, an yi jinga a kan jika 60, an ba da jika 40 kafin alƙalami, saura jika 20. Masana suka ce gyaran aibin zai ci jika 15. Mai gida zai riƙe 15, ya miƙa 5 nan take. In kuwa an riga an biya duka, magini ne zai mayar da jika 15. Idan sakacinsa ya jawo ɓarnar hatsi ko tufafi a cikin ɗaki, ana ƙiyasta ta da adalci, gwargwadon darajar kayan a ranar da suka lalace, ba tare da ƙari don huce haushi ba.

A nan muke jan kunnen masu gida. Riƙe ladan mutum gaba ɗaya saboda aibin da bai kai rabinsa ba zalunci ne. Imamul Buhari ya ruwaito cewa daga cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Bayan magini akwai leburori masu kwaɓa ƙasa da masu ɗebo ruwa, waɗanda abincin buɗa-bakinsu yake cikin wannan kuɗi. Muna kuma jan kunnen masu sana'a: wanda ya karɓi kuɗi ya kashe wayarsa, yana canza hanya in ya hango mai gida, ya sani dukiyar mutane ce a wuyansa.

Idan saɓanin a kan adadin lada ne ko a kan abin da aka ce a yi, ƙa'idar shari'a sananniya ce: mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa shi ke rantsuwa. Malamanmu suna duba wanda maganarsa ta fi kama da abin da aka saba a garin. In ta kowa ba ta yi kama ba, sai a koma ga ladan da ake biyan irin wannan aiki. Sai dai mu ji tsoron rantsuwa a kan ƙarya, domin Annabi ya yi gargaɗi cewa wanda aka yanka wa hakkin ɗan'uwansa saboda iya magana, yankin wuta aka yanka masa.

Hanyar bi kuwa daga ƙasa take farawa. Mai gida ya sami magini su biyu, ya yi masa magana ba tare da tozartawa ba. In bai yiwu ba, a sa liman ko dattawan unguwa tare da masanan da muka ambata. In ya faskara, a je ga mai unguwa ko fadar sarki. Dokar ƙasarmu ta 2015 da ta tsara sarautar gargajiya ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a irin waɗannan al'amura, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma sau da yawa abin da za a kashe na zirga-zirga ya fi kuɗin kwanon da ake rigima a kai. Mu tuna da Ka'abu ɗan Malik, wanda ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi ya leƙo daga ɗakinsa ya yi wa Ka'abu ishara ya sauke rabi, ya amsa, sannan ya umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. Mai hakki ya yi rangwame, wanda ake bi kuma ya biya ba jinkiri. Haka sulhu yake.

Ga waɗanda ba su fara gyara ba tukuna, tun ran gini ran zane. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A sami takarda a rubuta irin aikin, da adadin kwano da kaurinsa, da wanda zai sayi kaya, da lada, da ranar gamawa, mutum biyu su shaida. Ya halatta a yarda tun farko cewa wani kaso na lada zai tsaya har rufi ya ga ruwa, da sharaɗin ajalin ya zama sananne. Imamu Malik ya yarda da ajalin girbi domin mutane sun san lokacinsa, amma abin da ya fi kawar da gardama shi ne a ambaci rana, kamar ƙarshen watan Yuli. Kuma mai gida ya hau, ko ya sa wanda ya sani ya hau, ya duba aiki kafin a sauke tsani.

Ya bayin Allah, Buhari ya ruwaito daga Ubadatu ɗan Samit cewa Annabi ya fito zai sanar da sahabbai daren Lailatul Ƙadri, sai mutum biyu suka yi jayayya, aka ɗauke sanin daren. Duk wanda ke da irin wannan rigima tun daminar bara, ya nemi abokin husumarsa cikin wannan wata, su kira masana, su yi lissafi, a biya abin da ya wajaba, a yafe abin da za a iya yafewa, kafin goman ƙarshe ta shigo.

Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga cin hakkin bayinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.