Hajiya Barmani Choge: zabiyar da ta mai da ƙwarya jarin mata

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Bana, Gaya da Kamba a shekarun 1980 da 1990, ko fatake ne ko ma'aikacin gwamnati, da wuya a ce kunnensa bai taɓa cin karo da wata kakkausar murya ta mace ba, tana fitowa daga akwatin kaset na direba ko na mai shago, wasu mata na amsa mata, ƙore na tashi kamar ana sussuka. Wannan murya ta Hajiya Sa'adatu ce, wadda duniya ta fi sani da Barmani Choge. Ba ƴar Nijar ba ce, amma waƙa ba ta tsayawa gaban duwan, shi ya sa matan ƙasar Dendi da na Arewa suka riƙe ta tamkar tasu.

Asalinta da asalin kiɗanta

An haife ta a shekarun 1940 a ƙasar Funtuwa, wadda a yau take cikin jihar Katsina ta Najeriya. Funtuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa, mahaɗar baƙi daga ko'ina, kuma a irin wannan wuri yaro mai kunne yakan tashi da magana a bakinsa. An yi mata aure tana ƙaramar yarinya, kamar yadda aka saba a lokacin, sai aka yi dace mijin makaɗin garaya ne. A farkon shekarun 1970 ta tsaya da ƙafafunta, ta tara mata, ta kafa ƙungiyarta ta amada.

Amada kiɗan cikin gida ne. Ana kife ƙore manya da ƙanana a buga su, wata kuma a kife ta bisa ruwa don ta ba da amo mai zurfi. A da can yana tafiya da bori, daga baya ya koma kiɗan biki da suna, inda matan kulle ke shaƙatawa ba tare da idon namiji ba. Kafin Barmani, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta yi suna a wannan fage. Abin da Barmani ta ƙara shi ne ta fito da kiɗan daga tsakar gida zuwa dandali, zuwa rediyo da talabijin, har ya shiga kaset ya tsallake iyaka.

Aikin jagora

Masu karatu su lura, ƙungiyar amada ba taron hayaniya ba ce. Akwai zabiya, akwai ƴan amshi, akwai masu kiɗa, kowace da gurbinta. Zabiya ce ke jefa baiti, ita ke sanin inda za a karɓa, da murya ko da ɗaga hannu take sa a ƙara wuta ko a sassauta, kuma ita ke duba fuskar taro ta gane wadda za a yaba da wadda za a yi wa habaici. Ba takarda, ba alƙalami, komai a ka yake. Bayan an tashi, ita ke raba abin da aka samu na kari. Ke nan shugabar amada makaɗiya ce, malama ce, kuma uwar ɗaki ce mai ciyar da gidaje. Macen da ta shiga irin wannan ƙungiya tana koyon riƙe murya, da jiran lokacinta, da tsayawa gaban jama'a ba tare da rawar jiki ba.

Abin da take faɗa wa mata

Ta yi waƙa kan kishiya, ta yi kan haihuwar gwarne, ta yi kan rawa da jikin mace da kalmomin da suka sa wasu malamai da dattawa suka ɗaure fuska. Amma saƙon da ta fi nanatawa shi ne mace ta nemi sana'a, kada ta naɗe hannu tana jiran abin da miji zai shigo da shi. Ta yi wa mace marar sana'a ba'a mai zafi, ta yaba wa mai ƙuli-ƙuli, mai fura da mai koda. Wannan magana ta zo daidai da zamaninta. Tsarin tsuke bakin aljihu da Najeriya ta shiga a 1986, da karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sun nuna wa magidanta na ɓangarorin biyu cewa sau da yawa cinikin uwargida ne ke ɗora tukunya ranar da albashi ya makara. Abin da masu ayyukan raya karkara ke zuwa faɗa da faransanci cikin taro, Barmani ta riga ta faɗe shi da ƙwarya.

Ta rasu a Funtuwa a farkon watan Maris na 2013 bayan jinya. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi rubutu a kanta, waƙoƙinta kuma na yawo a wayoyin salula.

Ina magada?

Nan ne gizo ke saƙa. Muryarta ta tsira, amma makarantar da ta haifi muryar tana neman rufewa. A biki da yawa yau, saurayi ɗaya da na'ura da lasifika ya maye gurbin mata goma da ƙorensu, kuɗin da a da ke shiga lalitar mata ya koma wani aljihu. Waƙar da ake ɗauka a situdiyo da fiyano ba ta bukatar ƴan amshi masu horo, don haka ba a horar da su.

A nan Nijar mun san amfanin irin wannan horo. Zamanin samariya, da bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976 ƙarƙashin mulkin Seyni Kountché, ƴan matan ƙauyuka sun hau dandali sun kare sunan gundumominsu da waƙa. A Yamai kuma an buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhadji Taya a 1989. Tushe dai akwai shi.

Saboda haka muna kira ga magadan gari, da gidajen rediyon karkara na jihar Doso, su ɗauki muryoyin tsofaffin zabiyoyinmu tun suna raye. Shugabannin lakkwal su ba ƴan mata fili su koyi amshi daga bakin iyayensu. Ku kuma ƴan kasuwa da ma'aikata, ranar da za ku aurar da ɗiya, ku tuna da masu ƙwarya cikin lissafin biki, domin sana'ar da ba a biya ba ta samun magaji. Allah ya jiƙan Hajiya Barmani, ya sa ta huta.