Ko Kun Sani? Gidajen Cacar 'Yan Asalin Kanada

A watan Maris na 1993, tun gari bai waye ba, 'yan sandan Kanada ɗauke da bindigogi suka dirar wa wani ƙaramin gidan caca a lardin Saskacewan, suka yi awon gaba da na'urorin caca da kuɗin ciniki. Mutanen White Bear, wata al'ummar 'yan asalin Kanada, su ne suka buɗe shi a ƙasar da aka keɓe musu, suna cewa ƙasar kakanninsu ce, lardi ba shi da ta cewa.

Rigimar ta ƙare a kan sulhu. A 1996 gidan ya sake buɗewa a ƙarƙashin SIGA, hukumar gidajen cacar 'yan asalin lardin, wadda ba aljihun wani take tara wa riba ba. Rabin ribar na shiga asusun al'ummomin 'yan asali, don karatu, lafiya, gidaje da kula da dattawa. Kashi 25 cikin ɗari na zuwa ga ƙungiyoyin taimakon jama'a na yankunan da gidajen cacar suke, sauran kashi 25 kuma na baitulmalin lardi.

Abin da ke sosa rai shi ne, wani ɓangare na wannan kuɗi daga hannun magidantan da caca ta ɗaiɗaita yake fitowa.